Inda aiki ya kai a adon Kirsimetin da nake yi da hannu

'Yan'uwa abokan koyo, ga bayanin inda na tsaya. Taurarin takarda sun kammala, 'yan siffofin ƙullun gishiri sun bushe suna jiran fenti, zoben ƙofa ya kai rabi, komin dabbobi mai nuna wurin haihuwar Yesu kuwa har yanzu kwali ne da zanen fensir a jiki. Kafin in shiga bayanin kowanne, bari in faɗi shawarar da na yanke tun farkon aikin, domin ita ta riƙe komai: launi uku kawai zan yi amfani da su, ja da fari da ruwan zinariya, sai koren ganye da yake zuwa da kansa. Siffa ɗaya kuma zan riƙa maimaitawa, wato tauraro. Abin da na lura da shi a ayyukan masu koyo irinmu shi ne, yawanci hannun ba shi da laifi, tarkacen ne yake yin yawa. A kawo shuɗi a kawo ruwan hoda, nan ƙararrawa can balan-balan, sai ɗaki ya cika amma ido ya rasa inda zai sauka. Idan launin kaɗan ne kuma siffar tana maimaituwa, ko yankan bai miƙe sosai ba adon zai haɗu ya zauna.

Tauraron ne ya fi cin lokacina, kuma shi na fi so ku gwada. Ina nufin mai tsini biyar wanda cikinsa ya taso, ba shimfiɗaɗɗe ba. Ku sami takarda mai ɗan kauri, irin ta bangon littafi ko katin gayyata. Ku zana da'ira mai faɗin santimita 10 daga tsakiya zuwa baki, sannan wata ƙarama a cikinta mai santimita 4 daga wannan tsakiyar. A kan babbar ku sa ɗigo biyar, tsakanin kowanne da na kusa da shi digiri 72, tunda da'ira digiri 360 ce aka raba biyar. A kan ƙaramar ma ɗigo biyar, amma kowanne ya faɗa daidai tsakiyar manyan biyu, wato a gusa da digiri 36. Ku haɗa ɗigon waje da na ciki da rula, ku zagaya har ku dawo inda kuka fara, tauraro ya fito. Wanda yake son mai ƙiba sai ya ƙara ƙaramar da'irar zuwa santimita 5.

Sirrin yana wajen ninki. Kada ku ninke takardar haka kawai da yatsa, za ta karye a inda ta ga dama. Ku ɗauki biron da tawadarsa ta ƙare, ku ɗora rula, ku ja layi da ɗan ƙarfi daga tsakiya zuwa kowane tsini, da kuma daga tsakiya zuwa kowane lungu. Layi goma ke nan. Dogayen, masu zuwa tsini, a ninke su su taso sama. Gajerun, masu zuwa lungu, a danna su su nutse ciki. Ɗaya tudu, ɗaya kwari, haka har a zagaye. Lokacin da kuka matse ninki na ƙarshe za ku ji takardar ta tashi a tafin hannunku ta tsaya da kanta, kowane tsini ya rabu gida biyu, gefe ɗaya haske ya kama shi, ɗayan yana inuwa. Wannan inuwar ce take sa farar takarda marar komai ta yi kyau, shi ya sa na bar yawancin nawa farare ban shafa musu fenti ba. Idan za a rataye shi a tsakiyar ɗaki inda za a gan shi ta kowane ɓangare, a yi biyu a manna su baya da baya da gam a tsinin, a sa zaren a tsakaninsu kafin gam ɗin ya kama.

Da zarar an yi na farko ya fito daidai, a zana shi a kan kwali mai tauri a yanke ya zama ma'auni. Daga nan aiki ya zama na zagaye da fensir, kuma yara ma za su iya taimakawa. Na yi ma'auni uku, babba da matsakaici da ƙarami, na rataye taurarin a taga da siririn zare, tsawon zaren ya bambanta. Idan aka jera su a layi ɗaya cif sai su yi kamar shanya, amma wani sama wani ƙasa ya fi daɗin kallo.

Akwai wani tauraro da nake hange amma ban kai gare shi ba tukuna, wanda ake kira tauraron Morabiya, mai tsini 26. A ƙasar Jamus ya samo asali a ƙarni na 19, a makarantar 'yan cocin Morabiya, inda aka fara yin sa a matsayin darasin lissafin siffofi. Har yau ana ƙera shi a garin Herrnhut. Kowane tsini daban ake naɗa shi, 18 masu gindi murabba'i, 8 masu gindi kusurwa uku, sannan a harhaɗa. Na ajiye shi sai hannuna ya ƙara faɗawa.

Sarƙar takarda ba ta buƙatar dogon bayani. A yanka tsiri-tsiri, faɗi santimita 2, tsawo kamar 20, a zura ɗaya cikin ɗaya ana mannawa. Ja biyu fari ɗaya na riƙa bi, kuma na bar ta ta ɗan sako ƙasa tsakanin ƙusa da ƙusa maimakon a ja ta tam.

Ƙullun gishiri kuwa yana son a zauna a kansa. Ma'aunin shi ne kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri mai laushi, ruwa kusan kofi ɗaya. Na ce kusan, domin fulawa ba ta shan ruwa iri ɗaya. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ƙullun ya daina kama hannu, sannan a ci gaba da murzawa kamar minti goma ya yi santsi. Fulawar ta zama zalla, ba wadda aka haɗa da sinadarin kumbura ba. A murza shi da kwalba ya yi kaurin rabin santimita, a yanka siffofi. Bakin kofi yana ba da da'ira, ƙaramin ma'aunin tauraron nan kuma a ɗora shi a zagaye da wuƙa. Kada a manta da huda ƙofar zare tun ƙullun yana ɗanye, domin idan ya bushe ba ya huduwa, fashewa yake yi. Tun yana ɗanye ne kuma ake danna masa zane. Na ɗora ganye mai jijiyoyi a kan wasu na bi da kwalba sau ɗaya na ɗaga, sai ga hoton ganyen ya zauna har ƙananan jijiyoyin. A kan wasu na danna guntun leshi.

Busarwa ake yi, ba gashi ba. Wuta ƙasa-ƙasa, wajen digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, awa biyu zuwa uku, ana juya su a tsakiyar lokacin. Idan wuta ta yi yawa, saman zai rufe da wuri, tururin ciki ya rasa hanyar fita, sai abin ya kumbura ya lanƙwashe. Wanda ba shi da obin zai iya shimfiɗa su a inda iska ke kaɗawa, ya riƙa juyawa kullum har wasu kwanaki. Alamar bushewa ita ce a ƙwanƙwasa bayan da farce a ji ƙara mai tauri, kuma tsakiya ba ta lotsawa. Nawa a nan suka tsaya. Abin da ya rage shi ne fenti, sannan in shafa musu man sheƙin da ake shafa wa katako, gaba da baya har cikin hudar. Wannan shafin dole ne, saboda gishiri yana jawo danshi daga iska, kuma wanda ba a rufe ba yakan yi laushi a ajiye. Don Allah a rataye su inda ƙananan yara da karnuka ba za su kai ba. Suna kama da abin ci, kuma gishirin da ke ciki ya isa ya cutar da dabba sosai.

Zoben ƙofa na fara shi da wayar rataye tufafi, na buɗe ta ta zama da'ira na bar ƙugiyar a sama don ratayewa. Yadda ake ɗaura ganyen shi ne abin koyo. Ba ɗaiɗai ake sa shi ba. A haɗa 'yan rassa uku ko huɗu su zama ƙaramin dami mai tsawon tafin hannu, a ɗora a kan zoben, a naɗe gindinsa da siririyar waya sau uku, kada a yanke wayar. A ɗora dami na biyu yadda kansa zai rufe gindin na farko, a sake naɗewa. Duk su fuskanci ɓangare ɗaya. Na ƙarshen sai a cusa gindinsa ƙarƙashin kan na farko, mahaɗar ta ɓace. A zaɓi ganye mai kauri da sheƙi, domin mai laushi yana yaushi cikin kwana ɗaya ko biyu. Tunda nawa ɗanye ne, na dakata a rabi da busassun rassa, ɗanyen sai ranar ta matso. Wanda ba ya son wannan jiran zai iya yayyanka tsofaffin ƙyallaye kore da ja ya ƙulla su a jikin wayar a matse, wannan zai yi shekaru.

Zoben da ake kwantarwa a tebur da kyandirori huɗu kuwa, ana danganta farkonsa da wani fasto Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, wanda yake kula da yara marasa galihu a birnin Hambag. A 1839 ya ɗauki ƙafar keken doki ya jera kyandirori a kai, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi, don yaran su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage. Daga baya aka rage zuwa huɗun nan, ana kunna ɗaya kowace Lahadi cikin huɗun da ke zuwa kafin Kirsimeti. Labarin yana burge ni, domin abin da ke hannunsa ya ɗauka ya yi wa yaran da shi.

Maganar kyandir ta kawo mu ga wuta, kuma nan ba na sassautawa. Kusan duk abin da na lissafa takarda ne da busasshen ganye da ƙyalle. Harshen wuta ba shi da wurin zama kusa da su. Fitilun kwalba da na yi, na manna wa tsofaffin kwalaben gilashi siririyar takarda ja da farin gam da aka sirka da ruwa, amma a ciki ƙananan fitilun LED masu batir na sa. Ba sa zafi, kuma hasken yana ratsa takardar da kyau. Idan za ku saya, ku duba jikin kwalin. Wanda aka rubuta wajen 2700K haskensa ruwan ɗorawa ne mai taushi, wanda ya kai 6000K fari ne fat mai ɗaukar ido, kuma yana kashe kyan ja da ruwan zinariya. Da can kyandir na gaske ake ɗaura wa bishiyar Kirsimeti, gobara kuma ba ta yi wuya ba. A 1882 ne Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya ɗaura ƙwayayen lantarki 80 masu launin ja da fari da shuɗi a bishiyar gidansa a birnin New York. Ko da na lantarkin ne, a bi wayar da yatsa daga farko zuwa ƙarshe kafin a jona, idan ta ɓare ko ta tsage a jefar, kada a cika soket ɗaya da kaya, kuma a kashe kafin a kwanta.

Bishiya ban saya ba. Sanduna bakwai na tsinto, na yanka su daga santimita 15 har zuwa 90, na jera su a ƙasa gajere a sama dogo a ƙasa, na ɗaure bakunansu da igiya dama da hagu suka zama kamar tsani mai tsukewa, na rataye a bango da ƙusa ɗaya. Ba ta cin wuri, kuma a nan siffofin gishirin za su rataya. Tsakanin sanda da sanda a bar tazarar da ta fi tsawon abin da za a rataye, in ba haka ba za su riƙa hawa kan juna.

Komin dabbobi na bari ƙarshe saboda shi ne zuciyar abin, ba na son in yi shi a gurguje. Al'adar nuna wurin haihuwar ana danganta ta da Faransis na Asisi, wanda a 1223 ya shirya komi da ciyawa da sa da jaki na gaske a ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya. Kafin in fara yanka na koma na sake karanta Luka sura 2 da Matiyu sura 2 a Littafi Mai Tsarki. Luka ne ya ambaci komin da zanen goyo da makiyaya. Matiyu ne ya kawo tauraro da masanan da suka zo daga gabas, kuma bai faɗi adadinsu ba, kyautai uku ya lissafa: zinariya da lubban da mur. Shi a cikin gida ma ya ce suka sami yaron. Saboda haka na yanke shawarar ajiye masanan nesa kaɗan, a can ƙarshen kantar da zan ɗora komin, in riƙa matso da su, su iso ranar 6 ga Janairu, ranar da coci-coci da yawa suke tunawa da zuwansu.

Rumfar daga kwalin takalmi za ta fito, a kwantar da shi a gefe, a yanke bangon gaba, a manna busasshiyar ciyawa a rufin layi-layi daga ƙasa zuwa sama yadda na sama zai rufe gindin na ƙasa. Mutanen kuwa da naɗaɗɗen kwali zan yi jikinsu, kai na ƙullun gishiri, tufafi na guntayen ƙyalle. Ba zan zana musu fuska ba, domin a ƙaramin abu irin wannan ɗan sunkuyar da kai ya fi ido da baki nuna hali. Abin da nake gwadawa yanzu shi ne yadda kan zai zauna a sunkuye ba tare da ya rinjayi jikin ya faɗi ba. Na cusa tsakuwa a gindin ɗaya na toshe da takarda, ya tsaya daram, don haka sauran ma haka zan yi musu. Maryamu da Yusufu zan fara ɗinka wa tufafi, makiyaya su biyo baya idan kawunansu sun gama bushewa.