Kula da kujerar fata a motar da ke zaune a Legas

Fatar kujerar mota ba irin wadda dukawa ke ɗinka jaka da takalmi da ita ba ce. Mu da muka tashi muna ganin ana shafa wa fata mai don ta yi laushi, da zarar kujera ta fara canza fuska sai mu nufi man kaɗanya ko basilin. A mota wannan kuskure ne. Kusan duk fatar da ake sa wa motoci yanzu, bayan an jeme ta sai a fesa mata launi, sannan a rufe samanta da wani siririn fenti mai kama da roba. Wannan rufin hannunka ke taɓawa, kuma mai ba ya ratsa shi. A sama yake zama, ya kama ƙura, ya bi rigarka.

Gwajin ba wuya. Ɗiga ruwa digo ɗaya a wurin da ido ba ya kaiwa, ka jira minti guda. In ya tsaya a dunƙule bai shige ba, fatar mai rufi ce, kuma ita wannan bayani ya shafa. In ya shige ya bar duhu, fatar ba ta da rufi sosai, irin ta wasu motoci masu tsada, kuma wannan sai mai da aka yi dominta kaɗai. Ka kuma san cewa yawancin tokumbo da ake saya a kasuwar motoci ta Berger ko a shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda ake zama da inda ake jingina ne kawai fata. Gefe da baya leda ce. Wasu ma gaba ɗaya ba fata ba ne: Toyota na da SofTex, Lexus na da NuLuxe, Mercedes na da MB-Tex, duk roba ce da aka yi wa kamannin fata. Wankinsu ɗaya da na fata mai rufi, sai dai su ba su buƙatar wani mai ko kaɗan.

To me ke kashe kujera a Legas? Galibi datti da gumi. Mutumin da ya taso daga Agege ya nufi tsibirin Legas ta gadar Third Mainland zai iya shafe awa biyu a gosulo, bayansa na zuba gumi. Gumi na da gishiri da maiƙo, ƙurar titi kuma na da yashi. In suka haɗu, duk shiga da fita sai su kankare rufin kamar sanfefa. Shi ya sa gefen kujerar direba na wajen ƙofa ke riga ko'ina tsagewa. Ƙyallin da kake gani a tsohuwar kujera ma ba alamar lafiya ba ne, maiƙon jiki ne ya taru. Fata mai tsabta ba ta sheƙi.

Na biyu shi ne wurin wankin mota. Yaran na da ƙoƙari, amma da bokiti ɗaya na omo ake wanke taya da kafet da kujera. Ita fata tana da ɗan tsami a halittarta, a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda 7 ne tsakiyarsa, ba ta wuce 5 ba sosai, shi kuwa omo yana kaiwa wajen 10. Yana cin rufin a hankali, yana shiga ta ramukan ɗinki ya busar da fatar daga ciki. Bayan sun gama kuma sai su fesa man goge dashbod don mai mota ya ga ƙyalli ya ji daɗin ba da kuɗi. Wannan man na sa kujera santsi, kuma in wata rana za a sake mata launi, sabon fentin ba zai kama da kyau ba. Ka gaya musu tun farko su wanke waje da kafet, su bar maka kujeru.

Ga yadda ake wankin. Nemi inuwa, kujera ta huce tukuna, domin a kan fata mai zafi sabulu na bushewa kafin a goge shi, ya bar zane. Fara da injin zuƙar ƙura mai bakin buroshi. Kwantar da majinginin baya, ka buɗa tsakanin ɗinki da yatsa, ka zuƙe yashi da ɓurɓushin gyaɗa da biskit. Kada ka tsallake wannan. In ka sa tsumma a kan yashi, da hannunka kake karce kujerar.

Mafi kyau shi ne sabulun da aka rubuta a jikinsa cewa na fatar mota ne. In babu, zuba cokalin shayi ɗaya na sabulun wankan jarirai na ruwa a cikin rabin lita na ruwa, wato robar ruwa ɗaya ƙarama, ka girgiza. Ruwan ma a duba shi. Ruwan burtsatse a sassa da dama na Legas, musamman wajen Lekki da Ajah, yana da ƙarfe ko gishiri, kuma yana barin tabo a farar kujera. Ruwan leda biyu sun ishe ka duk aikin.

Tsumma uku kake buƙata, masu laushi irin na maikurofaiba, farare in da hali don ka ga abin da ke fita: ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya, ɗaya na busarwa. A tsumma ko a buroshi ake sa sabulu, ba a kwara shi a kujera ba. Gwada a ƙasan kujera tukuna. In launin kujerar ya fito a tsumma, dakata, rufin ya riga ya mutu ko kuma an taɓa yi mata fenti kafin a sayar maka. In datti ne kawai, ci gaba. Ɗauki wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka murza da buroshi mai taushi, irin na goge takalmi amma sabo, a kewaye, ba tare da dannawa ba, har kumfa ta koma ruwan ƙasa. Share nan take, bi da tsumma mai ɗan danshi, sannan busasshe. Daga sama zuwa ƙasa. Kujerar direba takan so a maimaita sau biyu ko uku, kuma maimaitawa a hankali ta fi dirza da ƙarfi sau ɗaya.

Kujera mai ƙananan huji sai an ƙara kula. Ƙarƙashinta akwai soso, a wasu motocin har da fanka da wayoyin ɗumama kujera, a ta fasinja kuma akwai na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune saboda jakar iska, wadda ke kumburowa ta tare mutum lokacin haɗari. Ruwa in ya bi hujin ya shiga soso, a iskar Legas zai yi kwanaki bai bushe ba. Kumfa kawai za ka yi aiki da ita, tsumma a matse sosai. In huji ya toshe, tsinken sakace a hankali.

Bayan wanki a bar ƙofofi a buɗe kamar minti 30, ko a kunna esi. Sannan a shafa man kare fata na mota, irin wanda tun daga kamfani aka haɗa shi da ruwa ba da maiƙo ba, kaɗan a tsumma, a bar shi minti 10, a goge saura. Sau ɗaya a wata 3 ko 4 ya isa. Gogewa da tsumma mai danshi duk mako ta fi wannan man amfani nesa ba kusa ba.

Sai fumfuna, wadda ita ce ainihin ciwon Legas. Daga Afrilu zuwa Oktoba, musamman Yuni da Yuli, iska cike take da laima. Mota in aka rufe ta mako biyu mai ita ya tafi gida Kano ko Sakkwato, yakan dawo ya tarar da fari-fari a kujera da sitiyari da bel. Kada ka kakkaɓe ta a bushe a cikin mota, ƙurarta za ka shaƙa. Sa takunkumi, buɗe ƙofofi duka, ka haɗa farin ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ka share da tsumma a matse, kana juya tsumman. Bi da sabulu kamar yadda aka faɗa, ka busar sosai. Amma in ba ka gano inda ruwan ke fitowa ba, za ta dawo. Ɗaga tabarmar ƙafa ka danna kafet da hannu. In da danshi a gaban fasinja, yawanci bututun da ke zubar da ruwan esi ne ya toshe. In motar na da tagar rufi, ƙananan magudanan da ke kusurwoyinta kan toshe da datti ruwa ya biyo ciki. Motar da ta shiga ambaliya kuwa sai an kwance kujeru an ɗaga kafet, don soson ƙasa ba ya bushewa da kansa. In za ka yi tafiya, ajiye gawayi a buɗaɗɗen kwano a ciki, kuma ka bar wa wani makulli ya riƙa kunna ta da esi minti 15 duk mako.

Tabo kuma kowanne da maganinsa, amma duk sauri suke so. Man ja ko maiƙon tsire: danna tishu ya tsotse, kada ka goga, barbaɗa hodar jarirai ka bar ta ta kwana, da safe ka zuƙe ka wanke. Rinin sabuwar shadda ko wandon jins a kujera mai haske yana fita da sabulu in an kama shi a kwana ɗaya ko biyu. In ya daɗe, ya shige rufin. Lalle ɗanye da turaren mai haka suke, gara a shimfiɗa tawul ranar biki. Tawadar biro ana taɓa ta da ɗan sifirit a kan auduga, a kan layin kaɗai, a share nan da nan, domin sifirit na narkar da rufin. Saboda haka ma a kiyayi man tsabtace hannu, don shi ma da sifirit a cikinsa. Fetur, kananzir, tina da bilic kuwa kada su kusanci kujera.

Rana ma na da nata. Mota a rufe da tsakar rana, kujerar da hasken ya sauka a kanta na iya wuce digiri 60. Abin tare gilashin gaba ba shi da tsada, kuma yana rage wannan sosai.

In fata ta riga ta tsage, babu man da zai haɗe ta. Ƙananan tsaga ana cike su a sake fesa launi. In ta yage har soso ya bayyana, masu ɗinkin kujeru a wajen kasuwar kayan mota ta Ladipo za su iya canza wannan ɓangaren kaɗai ba sai an sake kujerar duka ba. Ka tafi da motar a gwada launi a hasken rana. Duba gefen majingini na wajen ƙofa kafin a fara. In akwai alamar jakar iska a wurin, ɗinkin an yi shi ne da zaren da zai tsinke ya ba ta hanya lokacin haɗari, don haka kada a maye shi da zare mai kauri, kada kuma a rufe wurin da rigar kujera marar tsaga a gefe.