Abin da daɓen tsakuwa da rezin ya ci mini a ƙofar gida a Ingila

Filin da muke ajiye mota a ƙofar gida murabba'in mita 45 ne, kuma aikin ya ci fam 5,400, wato fam 120 ke nan kan kowane murabba'in mita. Wani ɗan kwangila ya taya mini rabin haka, fam 60, ya ce zai shimfiɗa ne kawai a kan tsohon kankaren da ke wurin. Na ƙi, domin kankaren ya tsage gida uku, kuma daɓen rezin, wato tsakuwar da aka kwaɓa da danƙo, ba ya rufa wa tsaguwa asiri. Kaurinsa milimita 18 ne kacal. Duk inda ƙasa ta motsa, tsagar za ta biyo ta fito sama a daidai inda take.

Wanda ya san daɓen gargajiya na gida, inda ake dandaƙe tsakuwa a yayyafa ruwan makuba, zai gane dabarar. A nan busasshiyar tsakuwa ake kwaɓawa da wani danƙo mai suna rezin, kowace ƙwaya ta shafu, sannan a shimfiɗa a goge da cokalin gini. Tsakanin ƙwayoyin akwai ƙananan kafofi, ruwan sama na bi ta ciki ya nutse. Kada a rikita shi da wanda ake zuba rezin a ƙasa a watsa tsakuwa a kai. Wancan ya fi arha, amma ruwa ba ya ratsa shi, tsakuwarsa kuma tana ɓaɓɓalewa. Bambancin ya shafi doka: tun watan Oktoba na 2008, a Ingila, wanda zai rufe fiye da murabba'in mita 5 na ƙofar gidansa da abin da ruwa ba ya ratsawa sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, in ba ya karkatar da ruwan zuwa ciyawa ko lambu ba.

Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin ya tafi ne ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. An fasa kankaren, an tona zurfin santimita 25, ƙasa da ɓaraguzai kimanin tan 20 suka fito. Tono da kwashewa fam 900. Aka shimfiɗa zanen da ke hana laka haɗuwa da dutse, aka zuba dutsen da a nan ake kira Type 3, kaurin santimita 17, ana zubawa kashi-kashi ana dannewa da inji. Wannan fam 800. A nan ne masu neman sauƙi suke yin algus, su kawo Type 1. Shi yana da gari da yawa, in ya danne sai ya toshe, ruwa ya ratsa daɓen ya je ya kwanta a ƙasa, sanyi ya zo ya daskare shi ya ɗaga wurin. Bulon gefe da ke riƙe bakin daɓen ya ci fam 450. Sai kwalta mai kafofi, santimita 6, fam 1,250. Na bar ta mako biyu ta huce ta sha iska kafin mu taɓa ta.

Ragowar fam 2,000 su ne na saman: kaya 1,400, ladan masu shimfiɗa 600. Ga yadda lissafin kayan yake. Kwaɓi ɗaya shi ne rezin kilo 7.5, tsakuwa buhu huɗu masu kilo 25, uku na milimita 2 zuwa 5, ɗaya na milimita 1 zuwa 3, da busasshen yashi kilo 6.25. A kaurin milimita 18, kwaɓi ɗaya yana rufe murabba'in mita uku da rabi. Filina ya buƙaci 13, na sayi 14, kuma na roƙi a ba ni tsakuwar duka daga lodi ɗaya, don launin dutse yakan ɗan saɓa daga lodi zuwa lodi. Idan wani ya ce maka milimita 12 ta isa mota, kaya yake son ragewa. Ko 15 ma ta hanyar ƙafa ce. Wurin da ake murɗa sitiyari mota na tsaye, taya tana niƙa tsakuwar kamar dutsen niƙa, siririn daɓe ba ya jurewa.

Rezin kansa iri biyu ne, kuma nan ma ana cutar mutane. Akwai mai jure hasken rana, akwai mai arha da ke rinewa ya koma ruwan ƙasa. Matsalar mai arhar ita ce ba ya rinewa bai ɗaya: inda mota ke rufewa kullum ko inda tukunyar fulawa take zai zauna da haskensa, sauran wurin ya yi duhu. Tsakuwata fara ce mai ratsin toka, saboda haka ban ko yi shawara ba. Ka sa a rubuta irin rezin a takardar kwangila, ranar aiki kuma ka karanta jikin bokitin da idonka.

Shimfiɗar aikin mutum uku ne a ƙalla, ɗaya kan injin kwaɓi, ɗaya da baro, ɗaya a durƙushe da cokali. Injin kwaɓa kankare mai juya ganga ba ya yi, sai mai fukafukai a ciki da ke tura kayan da ƙarfi. Ana fara juya tsakuwar ita kaɗai ƙura ta fita, a haɗa ruwa biyun da rezin yake zuwa da su a bokiti, a zuba, yashi ya biyo baya. Kowane kwaɓi da agogo ake yin sa, minti uku zuwa huɗu, kuma lokacin ya zama ɗaya daga na farko har na ƙarshe. Wanda ya daɗe a inji launinsa yakan dushe, ya fito a fili kamar faci a jikin riga. Da an fara kuma babu hutu, domin kwaɓin da ya fara ƙamewa ba ya haɗa baki da sabo. Mai cokali yana shafa wa cokalin sinadarin tsinka fenti don kada ya kama, yana dannawa har tsakuwar ta daina motsi, a baya kuma ana watsa garin gilashi don hana santsi.

Kuskuren da muka yi ruwa ne ya jawo shi. Rezin ba ya ga maciji da danshi: in sun haɗu sai iskar gas ta tashi ya yi kumfa. Ƙa'ida ita ce kada zafin wuri ya gaza digiri 5, danshin iska kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari, ƙasa ta bushe ƙayau, buhunan tsakuwa su kwana a rufe. Mun fara da sassafe daga jikin katanga, inda inuwa take, raɓa ba ta gama tashi daga kan kwaltar ba. Washegari na tarar da wani wuri mai faɗin tabarmar salla ya yi fari-fari kamar an zuba madara ta bushe, na danna da babban yatsa na ji ƙwayoyin suna ɓurmawa. Ba a goge irin wannan, ba a yi masa fenti. Sai da aka yanke shi da inji, aka cike da kwaɓi na 14 da na ajiye, kuma har yau in rana ta karkata ana ganin layin gyaran. Da mun jira ƙarfe goma, ko mun bi inuwar da injin hura iska mai zafi, da ba a yi wannan asara ba.

An taka daɓen da ƙafa da yamma, mota kuma sai bayan kwana biyu. Kula da shi ba wuya: shara da tsintsiya mai tauri, da wanki da injin fesa ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara, bakin injin nesa da daɓen kamar taƙi guda, don in an matso da shi yana tsinke ƙwayoyin. In mai ya ɗiga daga mota a wanke nan take da ruwan ɗumi da sabulu. In kuma za a ɗaga motar da jak, a sa katako a ƙarƙashi.