Abin da kwalejin 'yan sanda ta koya mini game da rubutu da ƙirgen sa'o'i

A unguwannin Hausawan Sudan, daga Maiwurno zuwa Gadarif da Damazin, ba sabon abu ba ne a ga ɗanmu cikin kakin ɗan sanda. Sai dai a iya ganina yawancinsu a ƙasa suke, jundi ko arif, wato kurtu ko kofur, masu gadin ƙofa da rakiyar waɗanda ake tuhuma zuwa kotu. Waɗanda suka bi ta kwaleji suka fito da tauraro a kafaɗa ƙidayayyu ne. Shi ya sa idan aka ji yaro ya samu shiga, murnar ta unguwa duka ce, kuma kowa da abin da yake hangowa: wani bindiga, wani mota, wani ranar da za a sara masa a ce "Janabu". Ni na bi ta wannan hanya na fito, na kuma yi aiki da abin da aka koya mini. Idan aka tambaye ni me ya fi amfanar talaka cikin karatun duka, zan ce abu biyu ne: yadda ake rubuta maganar mutum, da yadda ake ƙirga sa'o'in da ya yi a tsare.

A zamaninmu kwalejin tana Soba, kudu da Kartum, reshe ce ta Jami'ar Ribat da ke hannun ma'aikatar harkokin cikin gida. Ana shiga da takardar kammala sakandare ta Sudan, bayan awon tsawo da gwajin lafiya da gudu da tsayuwa gaban kwamiti. Wanda ya kai ƙarshe yana fita da digiri da muƙamin mulazim, wato laftanar. Watannin farko kusan duka na fili ne: aski ƙwal-kwabo, fareti tun asubahi har rana ta take, cikin zafin Kartum da ƙurar habub. Ba na raina wannan horo ko kaɗan. Amfaninsa na gan shi daga baya: mutumin da aka koya wa ya tsaya ƙyam ana yi masa tsawa a fuska bai motsa ba, shi ne zai iya tsayawa gaban taron da ya fusata hannunsa bai kai ga kunamar bindiga ba. Amma wannan kowa ya san da shi, ba sai na tsawaita ba.

Karatun shari'a ya tsayu ne a kan dokoki uku: dokar laifuka ta 1991, dokar tsarin bin ƙarar laifuka ita ma ta 1991, da dokar shaida ta 1994. Ta farkon ce ɗalibai ke so, don ita ce mai lambobin da har a kasuwa ake ambata: 130 kisan ganganci, 139 jin rauni, 174 sata, 178 zamba, 179 cekin da ba kuɗi a bayansa. Yaro kan haddace su kamar karatun allo, ya ji ya ƙoshi da ilimi. Malaminmu na dokar tsari, tsohon jami'i ne da ya yi furfura a ɗakunan bincike kafin ya dawo koyarwa, wannan hadda ba ta burge shi. Yakan ce lambar laifi alƙali ne zai yanke ta a ƙarshe. Namu shi ne hanyar da mutum zai bi kafin ya isa gaban alƙalin, kuma a kan wannan hanyar ake cutar mutane.

Wata rana ya shigo aji da wani dattijo cikin masu aikin girki, ya roƙe shi ya ba mu labarin yadda aka taɓa sace masa jaki a ƙauyensu. Dattijon ya yi magana yadda mutane ke yi: ya fara daga tsakiya, ya koma baya, ya ce maƙwabcinsa ne ya gaya masa an ga wane da jakin, ya rantse, ya sake gyara ranar da abin ya faru. Aka ce kowa ya rubuta bayaninsa. Da aka karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, sai labari guda ya rabu gida-gida. Wani ya zaɓi ranar farko ya bar ta biyun. Wani ya gyara masa magana ta koma Larabcin littafi har ma'anar ta kauce. A takardu da yawa kuwa, jiyau ya zama ganau. Malam bai yi faɗa ba. Ya juya ga dattijon ya ce, "Baba, da idonka ka gan shi da jakin?" Ya ce, "A'a, ɗana, ni ban gani ba, faɗa mini aka yi." Malam ya ɗaga takardun sama ya ce da irin waɗannan ake ɗaure mutum.

A ofis, littafin da ake wannan rubutu shi ne yaumiyyar bincike. Daga sa'ar da aka shigar da ƙara, komai ciki yake shiga: wa ya zo, yaushe, me ya ce, me aka samu a wurin da abin ya faru, wa aka kama. Shafukan da lamba, ba a yaga, ba a kankarewa. Idan mutum ya gama bayani, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara, ba ya wurin lokacin da abin ya faru, alƙali ma haka. Su biyun ta cikin wannan littafi suke fara ganin maganar. Kuma ranar shari'a mai binciken ne ake fara tsayarwa, ya karanta abin da hannunsa ya rubuta, lauyoyi su yi ta jan sa a kai.

A nan ne na fahimci abin da ya shafe mu musamman. Dattawanmu na ƙauyukan bakin kogi da yawa Larabcinsu na kasuwa ne da gona, ba na ofis ba. Idan suka shiga gaban mai kaki, sukan sunkuyar da kai su yi ta gyaɗa shi don girmamawa, ba don sun yarda da abin da ake faɗa ba. Mai binciken da ke cikin sauri sai ya rubuta cewa mutum ya amsa. Haka na sha ganin mace an tambaye ta sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta yi shiru tana kallon ƙasa, wanda bai san alkunyarmu ba ya ɗauka ɓoyewa take yi. Ni da na san dalili sai in ce, "Inna, maigidan naki, sunan wa gare shi cikin dangi?" ko in nemi wadda ta rako ta ta faɗa. Minti biyu ne, amma su ne bambancin mai ba da shaida da wadda ake zargi da rufa-rufa. Ba wanda ya koya mini wannan a Soba. Abin da aka koya mini shi ne kada in rubuta abin da ban tabbatar mutum ya faɗa ba. Sauran a gida na samo shi.

Sai maganar sa'o'i. Sashe na 79 na dokar tsari ya ba ɗan sanda damar tsare mutum don bincike har sa'a 24. Bayan nan sai da izinin wakilin niyaba, shi ma iyakarsa kwana 3. Daga nan sai alƙali, mako-mako. Sashe na 83 ya ce wanda aka kama a kiyaye mutuncinsa, kada a cutar da shi a jiki ko a rai, a duba lafiyarsa, a bar shi ya sanar da iyalinsa ya ga lauyansa. Dokar ta kuma ɗora wa wakilin niyaba ya riƙa zagaya ɗakunan tsaro kullum. Gyaran dokoki na Yulin 2020 ya ƙara nauyin hukunci a kan jami'in da ya azabtar da mutum don ya tatsi magana daga bakinsa. Duk wannan kariya a kan layi ɗaya ta rataya: sa'ar da aka rubuta mutum ya shiga. Idan ba a rubuta ta ba, ko aka rubuta ta a makare, ƙirgen bai fara ba ke nan, kuma wanda aka kama da yammacin Alhamis yana iya kwana Juma'a da Asabar ba wanda ya waiwaye shi. Ba zan ce ko'ina ana bin dokar ba, na ga inda ba a bi. Amma na lura cewa inda dangin mutum suka zo suka tambaya cikin ladabi, "Ƙarfe nawa aka rubuta ya shiga? An kai maganarsa niyaba?", takarda takan fara motsi. Mutanenmu ba su cika yin wannan tambaya ba. Sukan zauna a inuwa a ƙofar ofis da kwanon abinci, suna jiran wanda zai tausaya.

Akwai kuma urnik 8, takardar da ɗan sanda ke bayarwa a kai wa likita idan an ji wa mutum rauni. Lokacin kakar riɗi a Gadarif, wajen Oktoba, ma'aikata kan cika gonaki, kuma faɗa kan ƙirgen dammuna da kuɗin aiki ba ya ƙarewa. An taɓa kawo wani saurayi Bahaushe da saran lauje a damtse, an ɗaure wurin da rawani, jini ya riga ya bushe a jikin yadin. Yayansa ya ce su dai sun zo ne a sani, za su koma a yi maganin gida, sun bar wa Allah. Na ce, "Yaya, barin wa Allah yana nan, amma ku fara kai shi asibiti da takardar nan." Likita ya rubuta tsawon saran da zurfinsa da irin makamin da ya yi shi. Daga baya maganar ba ta ma kai ga hukunci ba, dattawan ɓangarorin biyu suka zauna judiyya, sulhun gargajiya na ƙasar nan, don dokar ta ba wanda aka ji wa rauni damar yafewa ko karɓar diyya. Amma a zaman, lokacin ciwon ya warke ya bar tabo kawai, wancan ɓangare suka fara cewa ƙwarzane ne. Takardar likita ce ta tsayar da magana, yaron ya samu haƙƙinsa.

Abin da ya fi wuya a aikin, a wurina, ba ɓarawo ba ne, dangi ne. Kawu zai zo da dare ya ce, "Ɗan nan, ƙanenka ne fa a ciki." Ba ƙarya ya yi ba, kuma kai ne kaɗai suke da shi a wurin. Amsata ba ta canzawa: "Kawu, fitar da shi ba a hannuna yake ba. Amma zan duba sa'ar da ya shiga, zan ga ko laifin na beli ne, ku shirya mai tsaya masa, kuma ba wanda zai taɓa lafiyarsa." Wasu sukan tafi da fushi, har a daina gaisawa na ɗan lokaci, kuma abin yana ciwo. Dalilina kuwa ba taurin kai ba ne. Idan shafi yana ɓacewa don ɗanmu, zai ɓace don ɗan wani ranar da namu ne aka cuta, kuma cikin masu ikon ɓatar da shafi mu ne 'yan kaɗan. Wanda ba shi da babba a sama, littafin da ba a taɓawa shi ne gatansa.

Wannan ya ƙara fito mini fili bayan abin da ya faru a jihar Nilul Azrak a 2022. Rikicin ya tashi a Yuli kan ƙasa da kuma neman Hausawa su samu sarautarsu cikin tsarin mulkin gargajiya, ya ci Rusairis da kewayen Damazin, ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi cikin Oktoba. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubban mutane suka bar gidajensu, aka yi zanga-zanga har Kasala da wasu garuruwa. Fushin mutane gaskiya ne. Sai dai kotu ba ta karɓar fushi, sunan mamaci take nema, da takardar likita, da ganau da zai tsaya ya ce ga abin da idonsa ya gani, da rana da wuri. Sulhu yana da muhallinsa, ni ma na zauna cikinsa sau da yawa, amma jinin da ba a rubuta ba, ko a wurin sulhun ma musunsa ake yi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe ofisoshi da yawa a Kartum, daga baya a Madani da Sinja, kuma takardu masu yawa sun ƙone ko sun watse. Waɗanda za su fito daga horo yanzu za su tarar da ƙararraki da ba su da asali a rubuce, da mutanen da suka rasa shaidar gida da ta haihuwa. A Sudan aikin ɗan sanda ya haɗa har da fasfo da rajistar 'yan ƙasa da kwastan da gidajen yari, saboda haka wannan nauyi duka a kansu zai sauka.

Samarin da ke tambayata yadda ake shiga, nakan ce su fara da lambar ɗan ƙasa tun da wuri, don iyalanmu sukan sha tambayar ƙarin shaida, ko da kakanninsu na cikin waɗanda suka iso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Maiwurno. Su yi gudu, su gyara rubutun hannunsu, su saba da rubuta maganar mutum yana yi, kada kuma su yar da Hausarsu. Iyaye kuma su bar 'yan mata su nema. Tun 2007 aka buɗe sashen kare iyali da yara a rundunar, kuma can ne aka fi jin rashin mace mai jin Hausa. Yarinyar da aka ci wa zarafi ba za ta faɗa wa namiji abin da ya same ta ba, balle da harshen da ba na uwarta ba. A ofishin da na yi aiki, idan irin wannan ƙara ta zo, sai mun aika cikin unguwa an samo wata dattijuwa ta zauna kusa da ita kafin ta iya buɗe baki.