Ƙwaya 20 ka shuka 16 suka fito, an cuce ka ne?

Duk wanda ya san masu lambu a Jos, musamman masu noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari, ya san rigimar iri ba ta ƙarewa. Mutum ya sayi irin tumatir ko kabeji, jikin leda an rubuta kashi 90 cikin 100 zai tsiro, ya je ya zuba wasu su ƙi fitowa, washegari sai ka ji shi a kasuwar Farin Gada yana ta sababi wai tsohon iri aka sayar masa. Wani lokaci da gaskiyarsa, wani lokaci kuma wallahi alhakin mai shago kawai yake ɗauka. Akwai lissafin da ke raba wannan gardama, ɗaliban Jami'ar Jos masu karanta statistiks sun san shi da binomiyal, kuma bai kai wuyar da ake zuzuta shi ba.

Sharaɗinsa dai abu ya zama mai fuska biyu, ko ya tsiro ko bai tsiro ba, kuma kowace ƙwaya tana cin gashin kanta. To mu ce ka ɗebi ƙwaya 20 ka gwada. Matakin farko shi ne ka ɗauka mai shago gaskiya ya faɗa, eh ko da ranka bai so ba, sannan ka tambayi kanka, in har 90 ɗin gaskiya ce, sau nawa za a ga irin abin da na gani ko wanda ya fi shi muni?

Fara da duka 20 su fito. 0.9, wato kashi 90 ɗin nan, za ka ninka da kanta har sau 20, abin da zai ba ka wajen 0.12 ne. Ma'ana ko irin lafiyarsa ƙalau, cikin manoma 100 da suka yi wannan gwaji wajen 12 ne kacal za su ga duka sun tsiro, sauran kowa sai ya ga giɓi. Wanda aka fi gani shi ne 18, don akwai hanya 190 da ƙwaya biyu cikin 20 za su iya zama su ne suka mutu, in ka haɗa lissafin zai ba ka kusan 0.29. 19 na da 0.27, 17 na da 0.19, 16 kuma 0.09.

Yanzu kai da ka ga 16, damar a samu 16 ko ƙasa da haka wajen kashi 13 cikin 100 ce. Wannan ba abin mamaki ba ne, kusan mutum ɗaya cikin takwas zai gamu da haka alhali ba a cuce shi ba, don haka ka yi haƙuri ka sassauta murya. Amma in 15 ne suka fito lissafin ya sauko kashi 4 da ɗan ɗoriya, ya faɗa ƙasa da kashi 5 ɗin da aka saba yanke hukunci da shi, nan kam kana da bakin magana. Wannan lamba, wato damar ganin abin da ka gani ko wanda ya fi shi muni in mai shago gaskiya ya faɗa, ita ake kira ƙimar p. Kashi 5 ɗin nan fa ba wahayi ba ne, Ronald Fisher na Ingila ne ya yaɗa shi tun wajen 1925 don ya ga ya dace da aiki, jama'a suka bi. Ni a ganina wanda zai zuba kuɗin gonar shekara guda yana da damar ya zaɓi nasa ma'aunin, sai dai ya zaɓa tun kafin ya ƙirga tsiron, ba bayan ya gani ba.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 1710 wani likita John Arbuthnot ya duba rajistar jarirai ta Landan ta shekara 82, ya ga kowace shekara maza sun fi mata yawa, ya ce in da rabi da rabi ne to damar hakan ita ce rabi a ninka da kansa sau 82, abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Inda mutane ke zamewa shi ne su ɗauka tunda 16 bai kama mai shago ba to an wanke shi ke nan. Ina! A ce irin a zahiri kashi 80 yake tsirowa, gwajin ƙwaya 20 mai iyakar 15 ko ƙasa sau 37 cikin 100 kawai zai tona shi, sauran 63 ya wuce salin alin. In ƙwaya 100 ka gwada, ka ce 84 ko ƙasa shi ne iyakarka, damar kama shi ta haura zuwa wajen 87. Ƙwayar tumatir 100 kuwa ko cokali ba za ta cika ba, don haka ban ga dalilin rowa a nan ba.

Sai kuma sharaɗin can na farko. In ka zuba duka a kwami ɗaya ruwa ya kwanta a kai, ko sanyin Disamba na Jos ya buge su gaba ɗaya, ƙwayoyin tare suka mutu ba ɗaya bayan ɗaya ba, lissafin binomiyal bai hau kansu ba sam, kwaminka ka auna ba irin ba. Shi ya sa masu gwajin iri ke jera ƙwayoyin a kan jiƙaƙƙen tsumma ko takarda a cikin ɗaki, su ba su tazara, su raba su faranti daban daban, su riƙa yayyafa ruwa har kwanakin tsiro su cika sannan su ƙirga.