Abin da ƙidayar tsuntsaye ta koya mini a fadamar Haɗeja da Nguru

Mai ƙidayar tsuntsaye a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama 'yan sa'o'i gare shi a yini. Daga asuba zuwa hantsi tsuntsu na kuka yana kiwo. Da rana ta take sai ya shige ƙaya ya yi tsit, wanda ya fito a lokacin zai rubuta cewa dajin wayam yake, alhali cike yake. Shi ya sa muke sammako, mu tsaya wuri guda na 'yan mintuna, mu rubuta wanda muka gani da wanda muka ji, sannan mu matsa gaba. Kunne ya fi ido aiki.

Lokacin shekara ma haka. A watan Janairu Dagona, a jihar Yobe, cike take da baƙin da suka ƙetaro Sahara daga Turai, sun gauraya da kirinjijiya da dinya na gida. Shamuwa kuwa sai damina ta gabato.

Darasin da ya fi zauna mini a rai na ungulu ne. A da kowace mahauta da nata, har ba wanda ya ga dalilin ƙirga su. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka saba gani cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da farautarta don haɗa magani. Da aka waiwayo neman adadinta na da, rubutaccen bayani kaɗan ne, sai abin da dattawa da mahauta suka tuna. Wannan na damuna ƙwarai. Don haka balbela da kurciya da hasbiya duk ina rubuta su, kuma wurin da na duba ban ga komai ba, nakan rubuta sifiri da kwanan wata, domin takarda fara ba ta nuna ko an je wurin.

Manoma da masunta sun fi mu sanin fadamar. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ambaliya ya canza, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, janbaki ya samu makwanci a cikinta yana cinye shinkafa da gero. Manomin da ya gan ka da madubin hangen nesa, zancen janbaki zai fara yi maka. In ka saurare shi tsakani da Allah, shi zai gaya maka tafkin da gauraka ke sauka a da, da shekarar da ta daina zuwa.