"Ita ka tambaye ta?"

A shekarar da nake horon sanin makamar aiki bayan na gama karatun likita, an kawo mana wata mata wajen ƙarfe biyun dare. Kwana biyu tana naƙuda a gida, kan ɗan ya tokare, bugun zuciyarsa yana ja da baya. Babu mafita sai tiyata. Na ɗauki takardar sa hannu na fita baranda neman mijin, aka ce yana Legas cirani, wayarsa kuma ba ta shiga. Uwar mijin ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ba za a yanka 'yar mutane ba sai maigidanta ya ce." Na fi rabin awa ina ta kiran lambar.

Da babbar likitarmu ta iso, tambaya ɗaya ta yi mini: "Ita ka tambaye ta?" Wallahi ban tambaye ta ba. Ga ta kwance gabana, ta haura shekara ashirin, hankalinta garau, amma na tsallake ta. Likitar ta sunkuya bakin gadon, ta riƙe mata hannu ta ce, "Ƙanwata, ɗan nan ba zai fito da kansa ba." Ta gaya mata abin da za a yi da haɗarin da ke ciki. Matar ta ce a yi, ta dangwala yatsa. Sannan likitar ta fita ta zauna kusa da tsohuwar, tana "Iya, Iya", har ta sauko.

Na san dokar, har jarrabawa na ci a kanta. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi bai wa mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Baligar mace mai hankali ita ke da ta cewa a kan jikinta. Da ma ƙi ta yi, haƙƙinta ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Okonkwo a 2001, game da matar da ta ƙi ƙarin jini saboda addininta. Sabo ne ya rinjaye ni. Kuma irin wannan jiran, da kan ɗa ke danne mafitsara har naman ya mutu, shi ke sa mata su ƙare a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina da yoyon fitsari.

Ban raina matsayin miji ba. Shi ke biyan kuɗi, gidansa za ta koma, in an yi ba da saninsa ba ita za ta kwana a ciki. Shi ya sa yanzu tun wajen awo nake roƙon mai ciki ta zo da shi ko sau ɗaya, in ta yarda, mu yi maganar tiyata da ƙarin jini tun ana cikin natsuwa.

Yaron ya fito da rai, amma sai da muka daɗe muna ba shi iska kafin ya yi kuka. Har yau ina lissafa rabin awar nan.