Jinyar Baba a gidan da ɓeraye suka addaba

Tun da damina ta kankama a nan Agege kwatoci suka cika, ɓeraye da gafiyoyi suka dawo cikin gidanmu, alhali muna jinyar Baba wanda ciwon mantuwa ya kama. Shara kaɗai ba ta isa ba, domin Baba yana ɓoye guntun burodi da ƙosai a ƙarƙashin matashin kai da aljihun babbar rigarsa, wai ajiyar yara ce, ko da yake yaran nan wasunmu har mun fara furfura.

Maƙwabta sun ce mu zuba guba, amma wanda yake kai duk abin da ya tsinta baki, ba a ajiye masa guba a ƙasa. Muka toshe ramuka da siminti, muka juye hatsi cikin robobi masu murfi, tarko kuma sai ya yi barci ake ɗanawa, a kwashe kafin asuba. Saboda tsoron zazzaɓin Lassa, wanda fitsari da kashin ɓera ke yaɗawa, ana sake wanke kwanonsa kafin a zuba masa abinci.

Ajiyar tasa kuwa, Yaya ce ke lallaɓawa ta kwashe idan ya shiga wanka, in ya tambaya ta ce, "Baba, ai yara sun ci, sun gode."